Mun Kwaikwayi Gudun, Mun Bar Birkin

Kwana biyu kun ji ni shiru. Lafiyata ƙalau, wani al'amari ne ya faru a gidanmu da ya sa na yi kusan mako uku ina kai-kawo tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda da zauren dattawa. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa, na ga ya dace in zauna in rubuta abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ko Allah Zai sa wani ya amfana. Amma ku yi haƙuri in fara bi da ku ta wata majalisa tamu tukuna, domin daga can maganar ta samo asali.

Waɗanda suka san ni sun san na dawo daga Ingila da wata cuta da ba ta jin magani, wato kallon tseren motoci na Formula 1. Garin da na yi zaman aiki a can ba shi da nisa da Silverstone, filin da aka yi tseren farko na gasar duniya a 1950, kuma yawancin ƙungiyoyin tseren a wannan yankin masana'antunsu suke. Da na dawo Gombe na ɗauka ni kaɗai zan riƙa kallona kamar maye, ashe akwai 'yan uwana a cutar. Mu bakwai ne. Akwai bakanike, akwai malamin lissafi na sakandare, akwai wani dattijon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Gombe zuwa Bauchi, sai mai shagon kayan lantarki a Jekadafari wanda da talabijin ɗinsa da janaretansa muke fakewa, sai mu sauran 'yan rakiya. A gidan kallo ba mu da wuri, don wa zai yarda a kashe masa Arsenal ranar Lahadi saboda wasu motoci da ke ta zagaye wuri ɗaya? Samarin layin har suna suka sa mana, wai masu kallon fanka.

Abin da ba su sani ba shi ne, mu kanmu ba gudun ne ke tara mu ba. Musu ne ke tara mu. Kuma musun nan kusan kullum a kan abu uku yake: yaushe ya kamata direba ya shiga rumfar kanikawa a canza masa taya, me direba ya faɗa a rediyo ko a gaban 'yan jarida, da kuma me doka ta ce.

Bari in ba da misali ga wanda bai saba ba. Tun 2010 aka hana shan mai a tsakiyar tsere, saboda haka taya kawai ake shiga canzawa. Tayar iri-iri ce, mai laushi ta fi kama kwalta amma tana saurin cinyewa, mai tauri ta fi juriya amma ba ta kai waccan gudu ba, kuma idan babu ruwan sama doka ta wajabta wa kowane direba ya yi amfani da aƙalla iri biyu. Mutum wajen 20 ne ke rufar wa motar, su cire taya huɗu su sa huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Ƙungiyar McLaren ta taɓa yi cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. To amma shiga da fitar gaba ɗaya kan ci wa direba sama da daƙiƙa 20, domin a layin rumfunan an ƙayyade gudu, galibi kilomita 80 a awa. Sai dai idan an yi haɗari motar kiyaye lafiya ta fito ta shiga gaba kowa ya rage gudu, a nan shiga rumfa kan zama garaɓasa, don asarar takan ragu da kusan rabi.

Ranar 30 ga Nuwamba 2025 aka yi tseren Katar, zagaye 57. Saboda yadda filin ke cin taya, aka kafa sharaɗin cewa ba tayar da za ta wuce zagaye 25. A zagaye na 7 motoci biyu suka yi karo, motar kiyaye lafiya ta fito. Kafin mai sharhi ya buɗe baki malamin lissafinmu ya miƙe tsaye yana cewa, "Saura 50! Ashirin da biyar sau biyu! Kowa ya shiga yanzu!" Kusan kowa kuwa ya shiga, ciki har da Max Verstappen, amma McLaren ta bar direbobinta biyu, Oscar Piastri da Lando Norris, a waje. Motarsu ta fi ta kowa gudu a ranar, amma Verstappen ne ya ci, Piastri ya zo na biyu, Norris na huɗu. Mako guda bayan nan Norris ya ɗauki kambun shekarar da ƙyar da jiɓin goshi, maki 423 da 421. Mun yi sallar magariba mun dawo mun ci gaba da musu har isha'i, bakanike na cewa tsoron jera motoci biyu a rumfa ɗaya ne ya hana su, malam na cewa lissafin 'yan aji uku ne ya kayar da injiniyoyi masu digiri.

Amma babban mikin da ya ƙi warkewa a majalisarmu shi ne na Abu Dabi, ranar 12 ga Disamba 2021. Lewis Hamilton da Verstappen sun shiga tseren ƙarshe kunnen doki, kowa da maki 369.5. Hamilton na gaba da tazarar sama da daƙiƙa 10, saura zagaye biyar ya ɗauki kambu na takwas ya wuce Michael Schumacher, sai Nicholas Latifi ya daki bango. Motar kiyaye lafiya ta fito. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar taya mai laushi, Hamilton ya zauna a kan tsohuwa mai tauri da ta yi zagaye wajen 40, domin in ya shiga zai rasa matsayinsa, kuma bisa yadda dokar take a rubuce da alama a bayan motar kiyaye lafiya za a ƙare tseren. Dokar ta ce a bar motocin da aka yi wa zagaye su wuce, sannan motar kiyaye lafiya ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta koma. Sai daraktan tseren, Michael Masi, ya bar motoci biyar kawai, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Verstappen, suka wuce, ya bar sauran uku a inda suke, kuma ya janye motar nan take. Aka yi zagaye ɗaya tak, sabuwar taya ta cinye tsohuwa. An ji Hamilton a rediyo yana cewa an yi maguɗi, an ji shugaban Mercedes, Toto Wolff, yana yi wa Masi ihu cewa wannan ba daidai ba ne. A Fabrairun 2022 aka cire Masi daga muƙaminsa, a Maris hukumar FIA ta fitar da rahoto ta ce kuskure ne irin na ɗan Adam, da kyakkyawar niyya aka yi, kuma sakamako yana nan daram. Aka kuma gyara kalma ɗaya a dokar domin ta fito fili cewa dukkan motocin ake nufi, ba wasu ba.

Har yau in kana son ka tayar da hawan jinin dattijon direbanmu, ka ambaci sunan Masi. Yakan ce, "Ba a canza doka ana tsakiyar wasa. Ko a dara ba a yi." Ni ma ra'ayina ke nan, kuma na sha faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyana na tashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga abin da ya faru. Ina da ɗa, ɗan wana, shekararsa 21, yana jami'a. Yakan biyo ni majalisar wani lokaci, kuma ni na koya masa son abin nan, ba zan ɓoye ba. Abokinsa ya yi aure, ranar kai amarya ya ɗauki motar mahaifinsa ya shiga jerin gwano. Duk wanda ke zaune a garin nan, ko Bauchi, ko Kano, ya san abin da ke biyo baya. Da an sami titi mai faɗi sai samari su fara wasan mota, a taka totur a ja birkin hannu mota ta juya tana ƙara tana hayaƙi, 'yan acaɓa na kewaye suna tayar da ƙafar gaba, 'yan mata na guɗa, wasu na ɗauka a waya. A juyi na biyu tayar baya ta fashe. Motar ta ƙwace ta yi gefen titi, ta sami wata yarinya mai tallar gyaɗa da ba ta wuce shekara 10 ba. Allah Ya taƙaita, tana da rai, amma cinyarta ta karye, an sa mata ƙarfe. Mahaifinta lebura ne. Da muka je ba su haƙuri, abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji, ita ba a gayyace ta bikin ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da bakanikenmu ya je duba motar, sai ya kira ni ya nuna mini wasu lambobi huɗu a jikin tayar da ta fashe: 2314. Ma'anarsu an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Tayar gwanjo ce, ta gama rayuwarta a wata ƙasa aka kawo mana gawarta muka saya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya ba ta wuce shekara 4 daga ranar ƙira. Wannan ta haura 11.

Da dare na zaunar da yaron ina masa faɗa. Ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce, "Baffa, na yi kuskure, kuma tsautsayi ne. Amma ai ku ma duk Lahadi kuna zama kuna tafa wa waɗanda ke gudun da ya ninka nawa sau uku."

Na buɗe baki na rasa abin cewa. Kwana na yi ina juya maganar, kuma amsar da na samu ita ce dalilin wannan rubutu.

Abin da yaron ya gani a talabijin shi ne gudu. Abin da bai gani ba, kuma laifina ne da ban nuna masa ba, shi ne cewa gudun nan ɗan ƙaramin yanki ne na abin, kamar kan kada a saman ruwa. Sauran duk doka ce, da awo, da bincike, da mutanen da aikinsu kawai su ce a'a. Wannan musun da muke yi a kan taya da sakin layi na kaza, wanda samari ke gani kamar surutun tsofaffi, shi ne ainihin tseren. In ka cire shi, abin da ya rage ba tsere ba ne, ganganci ne. Mu kuwa a nan mun kwaikwayi gudun, mun bar birkin.

Kuma dokokin nan ba don ado aka rubuta su ba, kusan kowace da gawar da ta haife ta. A Imola ta Italiya, ranar 30 ga Afrilu 1994 Roland Ratzenberger ya mutu, washegari 1 ga Mayu Ayrton Senna, zakaran duniya sau uku, ya bi shi. A wannan tseren dai taya ta fice daga wata mota a layin rumfuna ta raunata kanikawa, daga nan aka ƙayyade gudu a layin. A shekarar aka wajabta manna wani allo mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota don kada a kwantar da ita ƙasa fiye da kima, in ya cinye fiye da milimita 1 an kore ka. Schumacher ya ci tseren Beljiyam a 1994, aka auna allonsa aka ƙwace nasarar. A Las Vegas a Nuwamban 2025 aka kori motocin McLaren duka biyu, ana tsakiyar neman kambu, a kan abin da bai kai kaurin farce ba. A 2024 George Russell ya ci tseren Beljiyam da dabarar tsayawa sau ɗaya, aka ɗora motarsa a sikeli aka ga ta gaza da kilo 1.5, aka miƙa wa Hamilton kofin. Ba wanda ya ce a duba girman mahaifinsa.

A Oktoban 2014 Jules Bianchi ya daki motar janye ɓaraguzai a Suzuka ta Japan ana ruwan sama, ya rasu a Yulin 2015. Bayansa aka fito da tsarin tilasta wa kowa rage gudu nan take ko da motar kiyaye lafiya ba ta fito ba, kuma a 2018 aka wajabta wani bakan ƙarfe a saman kan direba da ake kira halo. Direbobi da yawa sun ƙi shi, suka ce ya ɓata wa mota kyau. Cikin masu ƙin har da Romain Grosjean. Ranar 29 ga Nuwamba 2020 a Baharain motarsa ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu. Daga gadon asibiti ya ce da yana adawa da ƙarfen nan, amma ba don shi ba da ba ya magana a yau. To ku duba: mutum ya daki ƙarfe da gudun da ya kusa kilomita 200 a awa ya tashi, mu kuma a hanyar Kumo ko ta Dukku mota kan faɗi da rabin wannan gudun a kwashe gawa. Bambancin ba a jarumtar direba yake ba. A bel yake, da hular kwano, da tayar da aka san shekarunta, da shinge tsakanin mota da mai kallo, da likitan da ke biye a mota tun zagayen farko.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a zauren sulhu. Na farko, ajali. Wai in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Haka ne, babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Wannan ma sunnar Allah ce a cikin halittarSa, ba Bature ne ya ƙirƙiro ta ba. Wanda ya san haka ya ja birkin hannu a tsakiyar masu talla, a titin da doka ta ce kada a wuce 50, bai kamata ya fake da tsautsayi ba. Kuma ko da mutum ya yarda ya yi caca da ransa, wa ya ba shi izinin yin caca da ƙafar 'yar wani?

Na biyu, za a ce doka ma ai wani lokaci shirme ce. Wannan na yarda. A Singafo a Satumban 2024 Verstappen ya yi ashar a taron 'yan jarida yana kwatanta motarsa, aka yanke masa hukuncin aikin al'umma, wanda ya je ya yi a Kigali ta Ruwanda a Disamba. Shi kuma ya rama da amsa tambayoyi da kalma ɗaya ko biyu. A farkon 2025 aka ƙara tsaurara tarar, direbobi suka yi ca, kafin tsakiyar shekara aka sassauta. Mun yi musu a kan wannan ma, kuma ni ina ganin ashar rashin tarbiyya ne, amma ba daidai yake da allon ƙasan mota ba. Akwai dokar da ke kare rai, akwai wadda ke kare martabar manya. Mai hankali yana bambance su, ya yi jayayya da ta biyu in ya ga dama, amma ba ya fakewa da ita ya yi watsi da ta farko. Verstappen ya yi gardama a kan bakinsa, bai taɓa cewa zai shiga mota ba hular kwano ba.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ya dawo da mu kan Masi. Me ya sa abin Abu Dabi ya yi mana ciwo haka, mu da ba mu haɗa komai da Hamilton ba? Saboda mun san ɗanɗanonsa. Mun san yadda ake ji idan ka bi doka ka yi lissafinka a kanta, sannan mai riƙe da ita ya lanƙwasa ta don wasu biyar ya bar wasu uku. A nan muka girma. Yaranmu suna gani a tare mai Keke Napep a kan ƙaramin laifi, ɗan wane ya wuce da gilashi mai duhu ba lamba a ɗaga masa hannu. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba zai ɗauki doka a matsayin abin da ke kare shi ba, zai ɗauke ta a matsayin abin da ke kama marar gata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma a nan dole in faɗi abin kunyar da na yi. Ranar da abin ya faru, abu na farko da na yi bayan na ji yarinyar na numfashi shi ne laluben waya, ina neman wanda na sani da zai sa baki a saki yaron. Ni ɗin nan da na shekara huɗu ina tsine wa Masi. Sai da wana, wanda bai taɓa kallon tseren mota ba a rayuwarsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi ya kwana a can. Gobe ma je." Shi ya fi ni fahimtar abin da nake kallo.

Ba kuma sai mun je Turai neman wannan darasi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Gombe ranar hawan sallah ya ga jahi. Mahaya su sako dawakai a guje kamar za su bi ta kan Sarki, sai a taku kaɗan su ja linzami doki ya turje, su ɗaga hannu su yi jinjina. Me ake yabawa a nan? Kowane yaro zai iya sakar wa doki linzami. Gwanintar a tsayawar take. Kuma akwai fili, akwai lokaci, akwai jeri, akwai dogarai masu mayar da jama'a baya. Dambe da kokawa ma da alƙalinsu da da'irarsu. Kakanninmu sun san jinin samari yana tafasa, ba su ce a kashe wutar ba, murhu suka gina mata.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa a hana kawai a wuce wurin ba. An sha hanawa a garuruwa daban-daban, a yi wata biyu a koma. Silverstone ɗin nan da ake ji, tsohon filin jiragen yaƙi ne. A 1947 wasu 'yan yankin suka shiga suka yi tserensu ba tsari, har ɗaya ya buge tunkiya. A 1948 ƙungiyar masu motoci ta RAC ta karɓi hayar filin ta sa masa doka, bayan shekara biyu ya karɓi gasar duniya. Hamilton kansa yana ɗan shekara 8 ya fara da 'yar ƙaramar motar tsere ta yara, a fili mai shinge, mahaifinsa na haɗa ayyuka da yawa don ya biya. Ba a jerin gwanon kai amarya ya koya ba.

Rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993. A Disamban 2024 Ruwanda ta bayyana cewa tana nema, a 2025 aka ji Najeriya ma ta nuna sha'awar a kawo shi Abuja. Allah Ya sa alheri. Ni dai buƙatata ba ta kai nan ba. Fili nake roƙo a bayan gari, ko na jar ƙasa ne, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, ga su nan jibge a kowane garejin faci, aƙalla a nan za su yi amfani. A ja wa 'yan kallo layi nesa. Kanikawa su duba taya da birki kafin mota ta shiga, ba bel ba hula ba shiga, ba lasisi ba shiga. A riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana auna lokaci da agogo, motar asibiti na tsaye. Wanda aka kama yana wasa a titi a hana shi filin shekara guda, ko ɗan waye. Masu unguwanni da iyayen ango su ma su sa sharaɗi tun wajen ɗaurin aure. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi, abin da yake buƙata shi ne mutum ɗaya da zai iya cewa a'a ga ɗan babban mutum, kuma na san wannan ya fi biliyoyin wuyar samu.

Yarinyar ta fara takawa da sanda, alhamdu lillahi. Mun ɗauki nauyin magani da makarantarta, ko da yake na san ba a biyan ƙafa da kuɗi. An karɓe makulli daga hannun ɗana, shi ke raka ta asibiti a Keke Napep duk ranar da za a duba ta, kuma ya fara kallon mahaifinta a ido.

Lahadin da ta wuce, kafin a tayar da janareta, bakanikenmu ya ce ba za a kunna komai ba sai kowa ya fito an karanta lambar tayarsa. Muka fita muka durƙusa a bakin titi, tsofaffi da furfura, samarin layi na mana dariya. Cikin motoci huɗu da ke wurin, uku na da tayar da wa'adinta ya wuce. Ɗaya tawa ce. Ranar Litinin na canza biyu, sauran biyun sai ƙarshen wata, kuma kafin nan ba zan hau hanyar Bauchi ba.

Kai ma ɗan uwa, in ka fita yau, ka ɗan sunkuya ka duba. Lamba huɗu ce kawai, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Allah Ya ba yarinyar nan lafiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya kiyaye mu da abin da za mu ɗauka da wanda zai ɗauke mu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.